Bindigar da Ta Ƙi Tashi

"Ba zan iya ba, Luba."

Mas'ud bai ɗago kai ba da ya faɗa. Yana zaune a kan benci a ƙofar zauren gidan su Luba, ita tana bakin tabarma, an idar da sallar la'asar. Saura kwana uku kawunnansa su taso daga Kiru su zo gaisuwar iyaye.

"Sau ɗaya ne fa, Likita," ta ce. "Ba harsashi a ciki. Albarushi ne kawai da tsumma. Ka ɗaga ta sama, ka ja kunama, a yi dariya, a ci tuwo."

"Na ce ki daina kirana Likita."

"Mijin Yaya Kulsumu tela ne. Ido ya rufe ya harba, hularsa ta faɗa cikin kwanon miya. Har yau ana yi masa tsiya, ga su nan da 'ya'ya huɗu."

Bai yi dariya ba.

Gidan Malam Datti, mahaifin Luba, gidan maharba ne tun kaka da kakanni, a wani ƙauye a bakin dajin Falgore. Suna da tsohuwar bindiga harba-ka-ruga da kakanta ya bari. Duk wanda zai ɗauki 'ya a gidan, ranar gaisuwar iyaye sai ya tayar da ita sau ɗaya a gaban maza, sannan a sa rana. Ba wanda ya ɗauke ta jarrabawa. Al'adar gida ce, kamar rabon goro.

Shi kuwa Mas'ud shekara biyar ya yi a Khartoum yana karatun likita. Saura masa shekara ɗaya yaƙi ya ɓarke, ana cikin azumi. Sadiq, ɗan Bebeji da suke ɗaki ɗaya, ya fita ɗebo ruwan buɗa-baki, harsashi ya same shi a bakin ƙofar makwancin ɗalibai. Mas'ud ya danne wurin da hannu biyu har jinin ya daina zuba don kansa. Ya dawo gida da jaka ɗaya, ba takarda, ba shaidar karatu. Shekara biyu ke nan yana sayar da magani a kemis ɗin kawunsa, Kawu Tasi'u.

A kemis ɗin Luba ta san shi, a nan kuma ta ga abin da idonta. Tayar wata mota ce ta fashe a bakin titi. Kafin ta juyo yana ƙarƙashin teburin magani, ya rufe kai da hannuwa, yana kiran Sadiq. Ranar ya sa ta yi masa alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba.

"Mutanenmu suna biyu suka sani," ya ce mata a lokacin. "Ko aljanu, ko ƙwaya."

Yanzu ya ɗago ya dube ta.

"To a ce na harba. Sai me? Ina zan kai ki? Ɗaki ɗaya a bayan kemis?"

"Na ga ɗakin. Yana da taga."

"Luba, jami'a shida na rubuta wa. Kowacce takardar sakamako take nema, takardar kuma tana cikin ginin da ban san ko yana tsaye ba. Ɗaya ta ce in zo in fara daga aji ɗaya. Shekarata talatin ba ɗaya."

"Sai ka fara."

"Ba na iya karanta shafi biyu a jere." Ya dubi tafin hannunsa. "Waɗanda muka dawo tare, wasu sun wuce Masar, wasu sun kama kasuwa. Kowa ya tafi. Nasiru yana da mota, yana da gida a Tudun Wada, in ya kwanta yana barci."

"Ba Nasiru na tambaye ka ba."

Nasiru ɗan aminin mahaifinta ne, mai sayen masara. Shi ya fara nemanta. Malam Datti ya ce ba ya yi wa 'ya dole, ya bar ta da zaɓinta. Nasiru bai yi fushi ba, bai kuma yi aure ba. Duk kaka buhunsa ne yake riga na kowa shiga gidan.

Hawaye ya zubo mata. Ta share shi da bakin mayafi, da ƙarfi, kamar mai jin haushinsa.

"Ka zo ranar Asabar," ta ce. "Ka riƙe ta, ka ja. Sauran ka bar min."

"Me za ki yi?"

"Ka zo dai."

* * *

Ranar Asabar Malam Datti ya ɗura bindigar bayan sallar asuba, ya jingine ta a ɗakinsa, ya fita wajen yankan akuya. Luba ta shiga da buta kamar kullum. Ta karkata bakin butar a bakin bindigar. Ba ta zuba da yawa ba. Ta goge inda ya ɗiga da gefen zaninta, ta fita.

Tunaninta mai sauƙi ne. Bindiga ta tsufa, ta ƙi tashi, za a yi dariya, a ce ai ya ja kunama, ya cika al'ada.

Da hantsi baƙi suka iso. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin ɗorawa, aka gaisa, aka tambayi mutanen Kiru, aka tambayi kaka. Nasiru yana cikin maza, shi ya kawo kujerun roba a motarsa. Luba ta leƙa ta ramin zana, Inna tana tsaye a bayanta.

Malam Datti ya fito da bindigar, ya miƙa da hannu biyu.

"Bismillah, Likita. Ba ta cizo."

Aka yi 'yar dariya. Mas'ud ya karɓa.  Ya ɗaga ta sama, ya kau da kai, ya ja.

Ƙyas.

Ba hayaƙi, ba ƙara.

Malam Datti ya karɓa, ya duba kunamar, ya gyara, ya sake miƙa masa. Ƙyas. Na uku ma haka.

Luba ta saki numfashi, ta jira dariya.

Ba wanda ya yi. Dattawa suka sunkuyar da kai. Wani ya mayar da goron da ya kai baki cikin aljihu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Inna ta ce a bayanta.

"Inna, ai tsufa ta yi."

"Rufe min baki. Ta ƙi shi."

"Wace irin ta ƙi shi kuma?"

Inna ta ja hannunta zuwa ɗaki, ta saki labule.

"Sau ɗaya ta taɓa yin haka, ba a haife ki ba. A hannun wanda ya nemi gwaggonki Hafsat, ƙanwar babanki. Kakanku ya ce ba komai, aka ɗaura. Wata bakwai aka aiko mana ta rasu, har yau ba wanda ya iya faɗa mana abin da ya kashe ta. Babanki ne ya sa ta a kabari. Ranar ya rantse, duk wanda bindigar nan ta ƙi, ba zai ɗauki ko kazar gidan nan ba."

Luba ta ja da baya. Ta zauna a bakin gado.

"Me ya sa ba a taɓa faɗa mana ba?"

"Wa zai tayar masa da wannan zance?"

Daga waje muryar Kawu Tasi'u tana shigowa, yana ƙoƙarin riƙe ta a ƙasa.

"Malam Datti, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan camfi ne. Ƙarfe da itace ba su san gaibu ba."

"Ban ce sun sani ba, Alhaji. Allah kaɗai ya sani. Ni dai ƙanwata na binne."

"To saboda tsatsa za a hana yara aure?"

"Shekara arba'in ina shafa mata mai. Ba ta da tsatsa. Ku ci abinci."

Ba su ci ba. Luba ta ji motar baƙi ta tashi. Daga baya ta ji Nasiru yana tattara kujerunsa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

* * *

Bayan azahar mahaifinta ya kira ta. Ya ajiye faranti a gabanta. Baƙin taɓo ne a ciki, jiƙaƙƙe, wanda ya zaƙulo daga cikin bindigar.

"An yi wata guda ba a ga ruwan sama ba," ya ce. "Ɗakina kuma ba ya yoyo. Mutum biyu suka shiga yau, ni da mai kawo min buta."

Ta durƙusa.

"Ni ce, Baba."

"Na sani. Dalili nake tambaya. In ba kya son sa, ai kina da baki."

"Ina son sa."

"To?"

Ta tuna alkawarin. Ta tuna fuskarsa a ƙarƙashin teburin magani. In ta yi shiru, ta rasa shi. In ta faɗa, ta ci amanarsa. Ta faɗa. Khartoum, Sadiq, jinin, tayar motar, duka. Tana magana tana kuka, mahaifinta yana kallon bango.

Da ta gama ya juyo ya dube ta.

"Akwai Shitu, da muke shiga daji tare, Allah ya jiƙansa," ya ce. "Ɓauna ta take ƙanensa a gabansa. Tun daga ranar, ko saniya ce ta yi huci a bayansa sai ya jiƙe da gumi. Ba aljanu ba ne. Na san abin."

Luba ta ɗago da sauri.

"To Baba..."

"Tsaya. Mutum arba'in suka ga ta ƙi shi. In na fita na ce 'yata ce ta zuba ruwa, za a ce me ya sa. In na faɗi dalili, na gama da shi a ƙasar nan, har can Kiru. In na yi shiru na ba shi ke a haka, duk ranar da kika yi zazzaɓi uwarki ba za ta runtsa ba, kuma ni gari zai kalla."

Ya ture farantin gefe.

"Ran Juma'a ya dawo. Zan ce albarushin ne ya jiƙe, ban yi ƙarya ba. Zan ɗura da hannuna, ba za ta bar cinyata ba. Ya harba. In ya faɗi, ni zan ɗaga shi, duk wanda ya yi dariya da ni zai yi. Amma sai ya harba. In rana ta faɗi bai zo ba, magana ta mutu. Ba zan ce ki auri wane ba. Shi dai ban ba shi ba."

"Baba, in bai iya ba fa?"

"Da kin zo min da wannan tun kafin Asabar, da na san yadda na yi. Yanzu kin ɗaure min hannu. Tashi ki je."

A tsakar gida Inna tana tankaɗe. Ba ta dube ta ba.

"Shekararki ashirin da huɗu," ta ce. "Duk sa'anninki suna goyo. Ga Nasiru nan yana zarya shekara uku, ko tari bai taɓa yi mana da ƙarfi ba. Ke kin nace sai wanda ƙarfe ma ya ƙi."

* * *

A bayan rumbu kaɗai ake samun sabis a gidan. Nan ta tsaya washegari da safe ta kira shi, ta faɗa masa komai.

"Kin gaya masa," ya ce.

"Ba ni da yadda zan yi."

"Kin san me na ji da ta ƙi tashi? Daɗi. Na ce yau kam Allah ya ji tausayina. Ashe buta ce."

"Wallahi ban san abin da take nufi a wurinsu ba. Da na sani da ban yi ba. Ka yafe min."

"Ban riƙe ki ba. Amma ki duba. Ran Asabar don al'ada aka taru. Ran Juma'a kallo za a zo. Har daga Doguwa sai an zo ganin wanda bindiga ta ƙi."

"Baba ya ce in ka faɗi shi zai ɗaga ka."

"Ba faɗuwar nake tsoro ba, Luba. Komawa nake yi can. Ina jin ɗumin jinin a hannuna, ina jin warin wurin. Ban san minti nawa nake yi ba, ban san me bakina yake faɗa ba. Wani lokaci sai in ji wata rana zan tafi ban dawo ba."

Ta jingina da rumbun. Kuka ya ci ƙarfinta.

"To ni fa?"

Ta ƙara manna wayar a kunne.

"Ni fa, na ce? Shekara biyu ina nan. Ban tambaye ka mota ba, ban tambaye ka takarda ba. Ka tsaya a bakin ƙofar can ta Khartoum kai da Sadiq, ni ma ka tsayar da ni a bayanku. Shi Allah ya karɓi abinsa. Ni da raina."

"Kar ki ƙara sa shi a ciki."

"Ai yana ciki. Ko yaushe mu uku muke zance."

Ta ji numfashinsa, mai tsawo. Can nesa wani yana tambayar maganin tari.

"Zan taso," ya ce.

"Ka rantse."

"Na ce zan taso."

* * *

Ran Juma'a, ana saukowa daga masallaci, mutane suka biyo Malam Datti gida. Mas'ud bai yi kuskure ba. Sun ninka na Asabar, har da waɗanda Luba ba ta taɓa gani ba, babura jere a bakin hanya. Mahaifinta ya ɗura bindigar a gabansu, ya zauna a gindin ɗorawa, ya ɗora ta a cinya. Nasiru ya sake kawo kujeru.

Daga bayan rumbu tana hango su ta saman zana. Ta kira.

"Kana ina?"

"Kwanar Dangora."

Hayaniyar tasha tana shigowa, 'yan kamasho suna kiran Tudun Wada, Doguwa, saura mutum ɗaya.

"Tun yaushe?"

"Tun ƙarfe tara. Ban faɗa wa Kawu ba, ni kaɗai na taho."

"Ba mota ne?"

"Akwai. Biyu sun cika sun tafi. Na sa ƙafa a ta biyun, na sauko."

"To ka shiga wannan."

"Zan shiga."

Da la'asar ta sake kira. Yana nan a kan bencin mai shayi. Mota ta ukun ma ta tafi.

A ƙofar gida an fara gajiya. Wasu sun tayar da baburansu. Wani ya ce da ƙarfi, ko likitan yana can yana duba marasa lafiya ne, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Malam Datti ya juya ya dube shi, dariyar ta mutu. Bai motsa daga wurin ba, sallar ma a nan gefe ya yi ta, bindigar a gabansa.

Rana ta yi ja, ta sauka kan itatuwan daji. Luba ta kira na uku.

"Ko yanzu ka shiga ba za ka iso ba," ta ce. Muryarta ta bushe, kukan ya ƙare. "Amma in na ce masa kana hanya, zai jira. Na san shi. Ka shiga kawai, in ji ƙarar ƙofa, in je in faɗa masa."

"Ga wata nan tana lodi."

"To tashi."

"Luba, tun safe nake ce wa ƙafata ta tashi."

"Mas'ud."

Karo na farko ke nan da ta kira sunansa kai tsaye. 

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Ki auri mai barci. Ni ban san ranar da zan bar wurin can ba. Ba na son ki tsufa kina jirana a bakin..."

Ba ta ji ƙarshen ba. Idonta yana kan mahaifinta. Ya dubi yamma, inda ranar ta ɓace. Ya miƙe a hankali, ya karkaɗe rigarsa. A gidan maharba ba a kwana da ɗurarriyar bindiga, wannan kam ta sani tun tana ƙarama. Ta ga ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya. Ta tuna wayar da ke kunnenta, da kunnen da ke ɗaya gefen. Yatsanta ya tafi neman wurin kashewa.

Bindigar ta tashi.

Tsuntsaye suka watse daga ɗorawa. Hayaƙi fari ya tsaya a saman kawunan maza.

A cikin wayar ta ji benci ya kife, kofuna sun zube, wayar ta bugi ƙasa. Layin bai yanke ba. Ta ji muryarsa daga nesa, ba irin wadda ta sani ba, yana cewa Sadiq ya danne, ya danne, kar ya rufe ido.

Sai ƙafafu, sai muryoyin mutanen tasha.

"Ku matsa, ku ba shi iska."

"Aljanu ne. A kira mai ruƙiyya."

"Wane aljanu? Tun safe yake zaune a nan yana kallon motoci. Ƙwaya ce."

"Ba ƙwaya ba ce," Luba ta ce a cikin wayar. "Ku riƙe hannunsa kawai. Ku kira sunansa, Mas'ud. Zai dawo. Ba ƙwaya ba ce."

Ba mai jin ta. A ƙofar gida maza suna watsewa, ana kiran sallar magariba. Mahaifinta ya shigo da bindigar a rataye, ya wuce ta bai dube ta ba. Warin albarushi ya biyo shi.

Can wani ya ɗauki wayar. Muryar dattijo ce, yana haki.

"Salamu alaikum. Akwai mutum a layi? Baiwar Allah, mai wayar nan ya faɗi a tasha, muna neman nasa. Ke matarsa ce?"

Luba ta buɗe baki.

A waje Nasiru yana ɗora kujeru a mota, ɗaya bayan ɗaya.

"Baiwar Allah," dattijon ya sake cewa. "Kina jina? Mece ce ke a wurinsa?"